Makullin Ganuwa Yana Ƙasan Kwandon

Podstina, cikin watan Maris

Zuwa ga ƙanwata Rasema,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Fadil da 'ya'yanku su Belma, ya kuma sassauta muku sanyin ƙasar can, wanda kike cewa yana shiga har cikin haƙori. Mu nan lafiya muke, sai godiya. Maigidana Ragib yana fama da bayansa kamar kullum, amma bai hana shi fita gona ba, sai dai ya dawo ya kwanta a kan katako yana mita. 'Yata Nermina tana Mostar, cikin ya tsufa, kuma ta ce in gaya miki rigunan jaririn da kika aiko sun iso, ta jera su a kan gado tana kallo. An yi ruwa sosai a ƙarshen hunturu, kogi ya cika har ya taɓa gindin bishiyar gyadar turawa da ke bayan masallaci, amma bai shiga gidan kowa ba. Ɓauren tsakar gida ya fara tsiro. Na je kabarin Babo da na Mama ranar Juma'a na cire ciyawa, na yi musu addu'a da sunanmu mu biyu.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda daga wurina alhali muna magana ta waya. To, a waya ba na iya magana. Da na fara sai fuskar Belma ta shigo, sai Fadil ya leƙo ya gaishe ni, sai ke ki yi dariyar nan taki, ni kuma in haɗiye abin da ke bakina in tambaye ki farashin albasa a Suwidin. Saboda haka kafin ki ci gaba da karatu, ki ɗaga kwalaben zumar inabi da busasshen ɓauren da ke cikin kwandon da Shemso direba zai miƙa miki. A can ƙasa akwai abu mai nauyi naɗe cikin farin ƙyalle. Makullin ƙofar tsohuwar ganuwar nan ta kan dutse ne. Amija Salko, ƙanen Babo, ya ce naki ne, ya kuma ce ni zan aiko miki. Ga shi na aiko. Abin da ya rage shi ne in gaya miki yadda aka yi, da yadda zuciyata take, domin ba na son in sadu da Ubangijina da magana a ciki wadda na ɓoye wa 'yar uwata.

Kin san tun da gwiwoyin Amija suka ƙi hawa, ni ce ƙafarsa. Shekaru da yawa ke nan. Makullin yana rataye a ƙusa a bayan ƙofarsa, in je in gaishe shi, in ce Amija ara mini, ya ce ɗauki, in hau, in sauko, in mayar a ƙusar. Ban taɓa kwana da shi a gidana ba. Kin san hanyar, ko da yake ban sani ba ko ƙafarki tana tuna ta: daga masallaci a bi ta gefen injin matsar zaitun da ya mutu, a ratsa gonakin inabin da ke hawa-hawa, inda ƙasar ba ƙasa ba ce, farin dutse ne tsagwaro, a wuce cocin maƙwabtanmu su Barisha, sannan a kama 'yar siririyar hanyar da ke manne da dutsen. Da rani zafin da ke fitowa daga katangun nan yana gasa fuska kamar an buɗe tanda. Da hunturu iskar arewa tana neman ta tuɓe wa mutum mayafi. A cikin ganuwar ni nake share tsakar fili, ni nake cire ciyawa daga bakin rijiyar ruwan sama, ni nake gyara rumfar tsohon inabin idan wani itace ya ruɓe, ni nake ɗaure rassa, ni nake fesa maganin shuɗi har hannuwana su rine. Ba ina lissafa miki don ki gode ba ne. Ina faɗa ne don ki san inda na tsaya a ranar da zan ba ki labari.

Ranar datsar rassan inabi ta bana, wadda su Barisha suke haɗawa da ranar waliyyinsu, Amija ya aiko tun da sassafe cewa shi ma zai hau. An daɗe rabonsa da ganin cikin ganuwa. Barisha ya ɗora kujera a bayan tarakta, aka ɗaure ta da igiya, aka ɗaure Amija a kanta kamar buhun masara, yana ta zagin Barisha cewa ubansa ma bai iya tuƙa jaki ba balle shi. Daga inda tarakta ba ta wucewa, maza suka ɗauke shi da kujerar. Kowa ya fahimci abin da hawan yake nufi, domin mai makulli ba ya miƙa shi ga magaji sai a gaban itacen inabin, a ranar datsa, a gaban gidan su Barisha masu riƙe da wuƙar datsa. Haka kakanmu ya yi wa Babo, haka Babo ya yi wa Amija. Delfa matar Barisha ta tare ni a hanya ta ja gefen mayafina, ta ce lallai yau an sha ado, wannan ai mayafin bikin Nermina ne. Kada in yi ƙarya, shi ne. Na ɗauko shi daga ƙasan akwati na goge shi. Na ce mata wancan na kullum ne bai bushe ba. Wannan ma na nemi gafara a kansa, domin ya bushe.

Aka yi komai yadda aka saba. Na buɗe ƙofa. Fadan cocinsu ya tsaya ta ɓangaren hasumiya ya yi nasa, limaminmu Efendiya Hazim ya tsaya ta ɓangaren rijiya ya yi mana addu'a, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya gama cikin ladabi. Barisha ya zaro wuƙar gidansu ya yanke reshen farko, ya zuba giyarsa a gindin itacen, ni kuma na kau da kai kamar yadda nake yi kowace shekara, da niyyar idan an watse in zuba ruwa a wurin. Sai Amija ya miƙo hannu ya ce in ba shi makullin. Na ba shi. Ya riƙe shi a cinya, ya fara tarihin da kika sani, yadda ya saba, ba ya tsallake ko kalma: wai mutanen unguwar sama suna cewa wata sarauniya ce ta gina ganuwar kafin zuwan Turkawa, mu kuma muna cewa kwamandan Turkawa ne ya ɗaga hasumiyar, kuma duka biyun gaskiya ne, domin dutsen ƙasa nasu ne, na sama namu. Ya faɗi yadda mutanen Ostiriya suka kwashe rabin katangar gabas suka yi hanya da ita. Ya faɗi shekarar yunwa, lokacin da unguwar sama da ta ƙasa suka fake tare a ciki, ba abin da ya yi 'ya'ya a duk kwarin sai wannan itace, aka raba shi tsaba-tsaba, aka kuma yi alkawari cewa wuƙar datsa tana gidan Kirista, makulli yana gidan Musulmi, don kada ɗaya ya iya taɓa itacen ba da ɗaya ba. Barisha ya sa baki kamar kullum cewa kakanninsa sun ba mu makullin ne saboda mu kaɗai ne ba za mu shanye amfanin ba. Aka yi dariya. Ni ma na yi.

Sai Amija ya ɗaga makullin ya ce, "Wannan na wadda cibiyarta ke ƙarƙashin itacen nan ne." Ya juyo ya kalle ni da fara'a, kamar mai ba ni kyauta, ya ce, "Behiya, ke mai amana ce. Ki aika wa Rasema." Delfa ce kaɗai ta iya magana, ta tambaye shi ko akwai wata ganuwa a Suwidin da ta rasa makulli. Ya ce ta rufe masa baki, ita da tun tana yarinya take haurawa katanga satar inabi har siket ɗinta ya yage. Aka sake dariya, amma dariyar ba ta da ƙarfi. Na karɓa da hannu biyu, na ce to, Amija. Ban zubar da hawaye a wurin ba, alhamdu lillahi. Na manta ban zuba ruwan a gindin itacen ba, sai washegari na koma.

Ke ba ki san ranar da aka haife ki ba sai a labari, ni kuwa ina wurin. Ranar girbi ce, Mama ta ƙi zama a gida, ta ce da sauran lokaci, ta hau da kwando. Naƙuda ta kama ta a ƙarƙashin rumfa, mata suka kewaye ta da zannuwan shimfiɗa, aka kori maza waje. Ni, ƙaramar yarinya, aka ba ni guga in riƙa jawo ruwa daga rijiya, igiyar ta ci tafin hannuna. Da cibiyarki ta faɗi, Babo ya hau da kansa ya binne ta a gindin itacen, ya ce wannan yarinya ba za ta taɓa barin Podstina ba. Tawa kuwa a harabar makarantar allo ta masallaci aka binne ta, don in yi karatu. Na yi, na sauke, ban raina ba, kuma ba zan musanya shi da komai ba. Amma ki duba yadda abin ya juya. Ke da aka ɗaure da itacen kina can inda inabi ba ya nuna, ni da aka haifa a ɗaki kamar kowa ina nan ina share ganyensa. Kuma duk da haka, da aka zo miƙa makulli, naƙudar da ta zo wa Mama ba shiri ta fi duk shekaruna nauyi.

Zan kira abin da sunansa, domin na daɗe ina kiransa gajiya ko ciwon kai. Kishinki nake yi, ƙanwata. Ina jin tsoron ma ya wuce kishi ya zama hassada. Bayan kowace salla ina karanta Falaƙi in tofa, in ambaci sunanki, kuma na san sarai daga wa nake neman a tsare ki. Ba yau ya fara ba, amma da ƙarami ne, yana kwance kamar kyanwa a gefen murhu. Babo idan zai ba da tarihin ganuwa ke yake ɗorawa a cinya, ni ina tsaye da tiren gahawa, ko da yake ni ce na haddace shi har da inda yake tsayawa ya yi tari. Ke kina da baki, kina faɗin abu ya yi daɗin ji. Ni idan na fara, mutane sukan duba agogo. Wannan rabo ne daga Allah, na sani, ban kuma ce ki rage naki ba.

Amma tun da kika rubuta tarihin Podstina kika sa a intanet da hotunan da kika ɗauka a 'yan kwanakin hutunki, kyanwar nan ta tashi ta girma. Motoci suna zuwa da rani, baƙi su hau suna haki, su same ni da tsintsiya, su tambaye ni da fara'a ko ni ce Rasema. In ce a'a, yayarta ce. Sai fara'ar ta ragu kaɗan, su ce in ɗan matsa za su ɗauki hoton ƙofa. Wata mata ta karanta mini maganarki daga wayarta, a gabana, tana nuna mini rijiyar da na yashe da hannuna. Kuma tunda ina faɗin gaskiya, bari in faɗi wadda ta fi ba ni kunya. Barisha ya sa hoton hasumiya a jikin kwalaben giyarsa, a baya kuma ya sa 'yan layuka daga rubutunki da sunanki a ƙasa. Delfa ta kawo mini kwalba, ba komai a ciki, ta wanke ta sosai don ta san halina, ta ce in ga sunan gidanmu. Na ce mata subhanallah, sunan 'yar Babo a jikin kwalbar giya, wannan ba abin alfahari ba ne. Kuma har zuciyata haka na ɗauka, har yanzu ma ina ganin ya kamata ki ce ya cire. Amma da ta tafi na zauna ina juya kwalbar a hannuna, abin da ke ci na a rai shi ne ba sunana ba ne. Ki ji fa. Ni da ban taɓa sayar wa mai matsar giya ko tsaba ɗaya daga gonata ba, ni da nake dafa duk rabonmu ya zama zuma don kada ya kwana ya canza ya zama giya. Da Delfa ta sani da ta yi mini dariya har ta faɗi.

Tunda na taɓo rubutun, akwai abu biyu da za ki gyara, ba don kishi ba, ko kuma ba don kishi kaɗai ba. Kin ce daga kan hasumiya ana hango teku. Ba a hango shi. Abin da ake gani bayan iskar arewa ta wanke sama, wani haske ne a can ƙarshen kwarin, kuma ruwan fadama ne. Sannan kin ce inabin ganuwa ya fi na ko'ina saurin nuna saboda albarkar alkawarin kakanni. Albarka tana nan, ban musa ba, amma katangar kudu ce take shan rana ta riƙe zafi ta mayar masa, shi ya sa idan wani dutse ya faɗo daga cikinta nake sa Ragib ya mayar da shi kafin ya tafi da na kusa da shi.

Makullin ya zauna a gidana daga ranar datsa zuwa yau, kuma kowa ya kawo shawararsa. Ragib ya ce in jefa shi a cikin aljihun tebur in ci gaba da harkata, tsohon nan ba ya tuna abin da ya ci da safe, kuma ke ba za ki taɓa tambaya ba. Na ce masa ko Amija ya manta, akwai wanda ba ya mantawa. Ya ce to shi ke nan, malama, a yi mana afuwa. Barisha ya ce a kai shi wurin maƙeri a Mostar a ƙera wani, a aika miki na ainihi ki rataye a bango, ni in riƙe sabon. Na yi tunanin wannan sosai. Amma alkawarin makulli ɗaya ne da wuƙa ɗaya, kuma na tambaye shi ko zai yarda a ƙera wa wani wuƙa irin tasu. Ya sosa ƙeya ya ce wannan daban. Na je wurin Efendiya Hazim, ina fatan ya samo mini wata ƙofa a cikin littafi. Ya saurare ni har na gama, ya ce amana sai an isar da ita ga mai ita, babu wata hanya, amma faɗin abin da ke zuciya cikin ladabi ba laifi ba ne, kuma shirun da nake yi ina kiransa haƙuri, ba duka ne haƙuri ba.

Sai na gasa burodi mai cuku na tafi wurin Amija da hantsi. Na same shi a bakin taga yana kallon hanya, da hoton su Belma a jingine da kwalbar maganin gwiwar da kika aiko. Ya ci, ya yaba, ya ce hannuna irin na Mama ne. Na daɗe ina kewaye-kewaye kafin na tambaye shi ko na yi wani kuskure ne a hidimar ganuwa. Ya yi mamaki ƙwarai, ya ce wane irin kuskure, ai tun zamanin kakansa itacen bai taɓa samun kulawa irin ta yanzu ba. Na ce to me ya sa. Ya ajiye burodin, ya dafa hannuna, ya ce, "Idan makullin yana wurinta, za ta dawo. Ke kuwa, 'yata, ko da makulli ko babu, kina nan." Ya faɗe shi ne da ƙauna, Rasema, shi ya sa ya fi zafi. Na wanke masa kofi, na gyara masa matashi, na fito. A hanya na tsaya a gindin katangar gonar Delfa na yi kukan da ban yi a ganuwa ba, ita kuma ta gan ni daga sama ta yi kamar tana duba rassa har na gama.

Na fahimci tsohon. Kewarki yake yi, kuma yana jin kwanansa sun ƙare. Ni ma ina kewarki, wannan kishin bai cinye shi ba, su biyun suna zaune a ƙirji ɗaya suna ture juna. Ban kuma manta yadda kika tafi ba. Ba yawon duniya ya kai ki ba, yaƙi ne ya watsa mu duka, ke da jariri a hannu, kuma da aka ce a dawo, ni na tarar da gida ba rufi, ke kin tarar da yara sun fara makaranta da wani harshe. Ba na ce zamanki can laifi ne ba. Abin da nake cewa shi ne na gaji da zama ƙafar wani. Na yi wa Amija da zuciya ɗaya domin ƙanen ubana ne kuma gwiwarsa ta gaza. Ke gwiwarki lafiya lau.

Don haka ga yadda abin yake. Yau da safe na hau, na share, na duba rumfa, na cika randa, na fito na kulle ƙofar, domin ba a barin ta a buɗe, awakin unguwar sama za su gama da tsiron kafin azahar. Babu mai shiga yanzu. Kada ki yi zaton Barisha zai fasa ƙofar. A shekarun da ba ma nan, makullin yana tare da Babo a gudun hijira, Yure uban Barisha ya riƙa tsayawa a bakin ƙofar nan da wuƙa a aljihu kowace ranar datsa, sojoji suna ce masa su ɓalle masa ita da harsashi ɗaya, ya ƙi, itacen ya yi daji har ya kusa mutuwa. Ɗan ba zai yi abin da uban ya ƙi ba, ya ma faɗa mini haka, yana kallon ƙasa. An riga an datse, saboda haka akwai ɗan sarari. Amma idan Mayu ya kama, sababbin rassan za su yi tsawo, suna da taushi kamar yatsun jariri, in ba a ɗaure su ba iska ɗaya za ta karya su. Bayan ruwan farko na zafi kuma dole a fesa shuɗi, in ba haka ba farar cuta ta kama ganyen, ba zuma, ba giya, ba komai, wataƙila har baɗi.

Na san abin da zai fara zuwa miki a rai, domin kina da kirki kuma kina son komai ya wuce cikin sauƙi. Za ki yi dariya ki ce haba seka, yayata, ki mayar wa Shemso makullin ki ce a ce mini in riƙe miki. Ina roƙonki kada ki yi haka, domin ba zan karɓa ba, kuma Shemso zai rasa yadda zai yi da shi a tashar mota. Hanya biyu ce. Ko ki kawo shi da kanki kafin rassan su yi tsawo, ki hau, ki buɗe, ki ɗaure, zan tsaya a gefenki in nuna miki komai, in riƙe miki igiya, wallahi da farin ciki, kuma Amija ya ga abin da yake jira. Ko kuma ki kira shi, ba ni ba, ki gaya masa da bakinki mai daɗin nan cewa ba za ki dawo zama ba, kuma makullin na Behiya ne, nata na kanta, ba aro ba. Na san wannan zai yi masa ciwo, na kuma san ina sa ki tsakanin tsoho da itace. Na yi istihara kafin in rubuta. Idan zalunci ne, Allah ya yafe mini, ke ma ki yafe mini. Amma ba zan zaɓar miki ba, kuma duk wanda kika zaɓa, ƙanwata ce ke, ɗakinki yana nan da zanen gadon da kike so.

Ki gaishe mini da Fadil, ki ce masa Ragib yana tambayar ko har yanzu yana tsoron hawa tsani. Ki gaishe da Belma da Tarik, ki ce innarsu tana sa su a addu'a da sunansu. Ki gaishe da surukarki Hajiya Munevera, Allah ya ƙara mata sauƙi. Nermina da mijinta suna gaishe ku. Delfa ta ce in gaya miki har yanzu tana bin ki rantsuwar da kika yi cewa za ki zo girbi, ta kuma sa miki busasshen rumman a kwandon, shi ne a jar leda. Amija yana gaishe ki, bai san me na rubuta ba. Kwalba mai murfin shuɗi daga inabin ganuwa ce, ta bara, kada ki ba baƙi.

Makullin ba ya son danshi, ki shafa masa man zaitun ki bar shi cikin ƙyallensa. Idan kin zo buɗewa, hagu ake juya shi, kuma sai kin ɗaga ƙofar da kafaɗa tukuna, in ba haka ba za ki yi ta fama ki ɗauka ya lalace ne.

Allah ya tsare ki daga sharrin kowa, har da nawa. Wassalam.

Yayarki,
Behiya